Insha'i da Karatun Ƙagaggen Labari a Ajin Ingilishi: Tarihin Aikin Gida Daga Katsina Zuwa Dagumawa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a ajin Ingilishi a ƙasar Hausa ya san ayyuka guda biyu da malami kan sallami ɗalibansa da su in mako ya ƙare. Ɗaya shi ne a rubuto insha'i a kan wani batu da ya rubuta a allo, ɗayan kuwa a karanto babi kaza zuwa kaza na wani littafin ƙagaggen labari. Ayyukan nan sun daɗe tare da mu har sun zama jiki, ba a cika samun mai tambayar inda suka samo asali ba, balle a tambayi ko suna biyan bukatar da aka ƙago su dominta. In ɗalibai sun kasa yi sai a ce lalaci ne, in malami ya kasa dubawa sai a ce sakaci ne. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun ayyukan biyu tun daga shigowar boko, ta kuma nuna cewa abin da muke kira aikin gida, tun asali ba domin gida aka tsara shi ba. Riga ce da aka ɗinka daidai jikin makarantar kwana, daga baya aka miƙa wa makarantar jeka-ka-dawo ba tare da an rage ko an ƙara ba.

Mun zaɓi mu dubi al'amarin daga Dagumawa, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Wudil a Jihar Kano, domin ƙasar Wudil ta ga kusan kowane mataki na wannan tarihi. Ta ga kwalejin horon malamai ta kwana, ta ga makarantar koyon sana'a, ta ga sakandaren jeka-ka-dawo, ga kuma jami'ar kimiyya da fasaha da ta fara aiki a 2001, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022. Yaron Dagumawa da ke son shiga wannan jami'a ta kusa da gida, ko da injiniya yake so ya zama, ba shi da hanya sai ya sami kiredit a Ingilishi, insha'i kuwa yana cikin manyan ƙofofin da ake bi a sami wannan kiredit. Ke nan maganar ba ƙarama ba ce.

Abin da boko ya tarar

Karanta labari domin a koyi sarrafa harshe ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu na zaure. Ɗalibin da ya yi nisa a makarantar ilimi yakan karanta Muƙamatul Hariri, watau maƙamomi hamsin da Al-Hariri na Basra, wanda ya rasu a 1122, ya shirya a kan yawon wani hatsabibi mai suna Abu Zaid. Ba don nishaɗi kaɗai ake karanta su ba, ana karanta su ne domin lugga da balaga, wato domin alƙalamin ɗalibi ya yi kaifi. Ita kanta kalmar insha'i daga Larabci muka aro ta. Amma akwai wata ƙa'ida a zaure da ya kamata mai karatu ya riƙe, don za mu bukace ta a gaba: ba a sallamar ɗalibi da shafin da ba a biya masa ba. Sai ya zauna gaban malam, an karanta, an fassara masa kalma bayan kalma, sa'an nan ya koma gefe ya maimaita tare da 'yan'uwansa. Abin da yake yi shi kaɗai bita ne, sabon karatu kuwa sai a gaban malam.

Daga Nasarawa zuwa Kwalejin Katsina

Makarantar da Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909, da Hausa take koyarwa. Turawan mulki na wancan lokaci ba su ɗokin yaɗa Ingilishi a Arewa, domin suna gudun a sami irin 'yan bokon Ikko masu rubuta ƙorafi a jarida. Sai da bukatar malamai da akawuna ta matsa, aka kafa Kwalejin Katsina a 1921, Gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a 1922. A nan Ingilishi ya zama harshen koyarwa. Wajen 1930 kuma, bayan an naɗa E. R. J. Hussey Daraktan Ilimi na Nijeriya baki ɗaya a 1929, aka daidaita tsarin makarantun Midil a larduna, irin Midil ta Kano wadda daga baya ta zama Kwalejin Rumfa. Yaro yakan yi shekara huɗu a elementare da Hausa, in ya yi sa'a a ɗauke shi Midil, a can ne zai fara Ingilishi gadan-gadan.

Abin lura a nan shi ne, waɗannan makarantu duk na kwana ne, kuma yaran da ke cikinsu 'yan ƙalilan ne, zaɓaɓɓu daga lardi guda. Aikin da malamin Ingilishi ya bayar da rana, da dare ake yin sa a cikin aji, a lokacin da ɗalibai ke kira firef. Akwai fitila, akwai tebur, akwai shiru, akwai babban ɗalibi ko malamin da ke zagayawa. Littafin da aka ce a karanta yana cikin kabad ɗin makaranta, ba uban yaro ne zai saya ba. Malami kuma a cikin makarantar yake kwana, littattafan insha'in ajinsa ba su fi ya rungumo su a hannu ɗaya ba, saboda haka yana iya bin kowane layi da jan alƙalami, ya mayar wa yaro, yaro ya sake rubuta wuraren da aka gyara kafin a ba shi sabon batu. Wannan sake rubutawa ita ce zuciyar darasin. Insha'in da aka rubuta ba a duba ba, ko aka duba ba a sake rubutawa ba, motsa hannu ne kawai.

Littattafan karatun ma an auna su. Wani malami Bature mai suna Michael West, wanda ya yi aiki a Dhaka ta ƙasar Bengal, ya fito da jerin littattafan New Method a shekarun 1920, kamfanin Longmans ya yaɗa su a ƙasashen da Ingila ke mulka. Dabarar West ita ce a taƙaita kalmomi, a riƙa shigo da sabuwar kalma ɗaya a tsakiyar kalmomi masu yawa da yaro ya riga ya sani, a kuma maimaita ta har ta zauna. A bisa wannan dabara aka sauƙaƙa labarai irin su Robinson Crusoe da Treasure Island da King Solomon's Mines. Lalle akwai abin sūka a cikin wasu daga cikin littattafan nan, musamman yadda suke siffanta baƙar fata, kuma Chinua Achebe ya bayyana yadda yana yaro yakan goyi bayan Turawan da ke cikin irin waɗannan labarai kafin ya farga cewa shi yana ɓangaren waɗanda ake wulaƙantawa ne. Amma ta fuskar koyar da harshe, sun kiyaye ƙa'idar zauren da muka ambata: ba a jefa yaro cikin shafin da ya fi ƙarfinsa. A makarantar da shi Achebe ya yi, watau Kwalejin Gwamnati ta Umuahia, shugabanta William Simpson har doka ya kafa cewa a wasu ranaku na mako, bayan an tashi daga aji, ba a yarda ɗalibi ya taɓa littafin darasi ba, sai dai littafin labari da makamantansa. Makarantar ta fitar da Achebe da Christopher Okigbo da Chukwuemeka Ike da Elechi Amadi. Irin wannan doka kuwa sai makarantar da ke riƙe da yaro dare da rana take iya zartar da ita.

Jingar da aka ba Abubakar Imam

Mafi kyawun misali na abin da haɗa karatu da rubutu ke haifarwa, a ƙasar Hausa ya faru, kuma abin mamaki amfaninsa a Hausa ya fito. An kafa Hukumar Fassara a 1929, ta koma Hukumar Talifi a 1933 a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East. East ya lura cewa an koya wa yara karatun boko amma ba su da abin karantawa, sai ya zagaya manyan garuruwa a 1933 yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai. A wata maƙala da ya buga a mujallar Africa a 1936, ya bayyana wahalar da ya sha kafin ya shawo kan malamai su yarda cewa ƙaga labari a rubuce aiki ne da ya dace da mai ilimi. Daga wannan gasa aka sami littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East.

A dubi biyu daga cikin marubutan. Imam ya gama Kwalejin Katsina a 1932, yana koyar da Ingilishi a Midil ta Katsina lokacin da ya rubuta Ruwan Bagaja, yana ɗan shekara 22. Ɓalewa ya gama kwalejin a 1933, ya koma Midil ta Bauchi yana koyarwa. Watau mutanen da suka sha jan alƙalamin malaman Ingilishi, su ne suka aza harsashin ƙagaggen labari na Hausa. Imam kuwa ruwa biyu ya sha, don manazarta sun daɗe da nuna sawun Muƙamatul Hariri a cikin Ruwan Bagaja. A 1936 aka ɗauko shi aro daga Katsina zuwa Zariya, East ya tara masa littattafan tatsuniyoyi da hikayoyi na Larabawa da Indiyawa da Turawa, ya karanta, sa'an nan ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, littafi uku masu ɗauke da labarai fiye da tamanin, aka buga su tsakanin 1937 da 1939. In aka cire girman aikin da hazaƙar mai yin sa, wannan ba kome ba ne illa jingar ajin Ingilishi: ga littattafai ka karanta, ga lokaci, ga wurin zama, rubuto naka, ga kuma mai dubawa yana jira. A ganinmu babu wani aikin gida da aka taɓa bayarwa a ƙasar Hausa da ya yi albarkar wannan.

Jarrabawa da littattafan gida

An kafa Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka fi sani da WAEC, a 1952, ta karɓi aikin sannu a hankali daga hannun Jami'ar Kambirij. A tsohon tsarin, wanda ya faɗi Ingilishi ya rasa takardar shaidar baki ɗaya, kome ƙoƙarinsa a sauran darussa. Rahoton da D. W. Grieve ya miƙa wa hukumar a 1964 ya kawo gyara a yadda ake jarraba Ingilishi, aka shigo da tambayoyin zaɓi-ɗaya a kan kalmomi da ginin jimla, amma insha'i ya ci gaba da zama. Shi kuwa adabin Ingilishi takarda ce daban, ba dole ba ce a kan kowa. Wannan rabuwa ba ta yi illa sosai ba muddin malami ɗaya ne ke riƙe da darussan biyu a makarantar kwana mai laburare. Illarta sai daga baya ta bayyana.

A wannan zamani ne kuma littattafan da ake ba yara suka fara zama na gida. Things Fall Apart ya fito a 1958, kamfanin Heinemann ya soma jerin littattafan marubutan Afirka a 1962. Ga yaron Arewa, Cyprian Ekwensi, haifaffen Minna, ya fi kowa kusa: The Passport of Mallam Ilia a 1960, sai Burning Grass a 1962, labarin Fulani makiyaya da duk yaron da ya taɓa shiga karar shanu ta Wudil ran Juma'a zai gane mutanen cikinsa. Akwai kuma An African Night's Entertainment, shi ma na 1962, wanda Neil Skinner ya nuna a 1973 cewa zubinsa na Jiki Magayi ne. Ashe yara da yawa sun yi ta fama da ƙamus a kan labarin da ke nan cikin harshensu tun shekarun 1930. A 1967 Mervyn Hiskett ya fassara Shaihu Umar zuwa Ingilishi. Da an so, tun a lokacin ana iya ba yaro littafi ɗaya cikin harsuna biyu, ya karanta na Hausa ya san inda labarin ya dosa, sa'an nan ya shiga na Ingilishi ba tare da tsoro ba. Amma akidar lokacin ita ce a raba harsunan biyu kamar wuta da auduga. A makarantu da yawa har tara ake ci ko a yi horo in an kama yaro yana Hausa, kuma a shekarun 1960 an gwada fara Ingilishi tun farkon firamare da littattafan Straight for English.

Kwalejojin horon malamai, irin ta Wudil, su ne gadar da ta kai wannan tarbiyya ƙauye. Yaro yakan shiga bayan firamare, ya yi shekara biyar a kwana, ya fito da takardar malanta mai daraja ta biyu. Ya yi firef, ya ari littafi a laburare, an duba masa insha'i an sa shi ya sake. Da aka tura shi koyarwa a ƙauyukan gundumar, abin da aka yi masa shi ya ɗauka zai yi wa yaransa. Ya tafi da al'adar ba da aikin, amma fitila da laburare da shirun dare suna can kwaleji ya baro su.

Shekarar 1976 da abin da ya biyo baya

A watan Satumba na 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ba da ilimin firamare kyauta ga kowa. An yi tanadin yara kimanin miliyan 2.3 a ajin farko a ƙasa baki ɗaya, sai wajen miliyan 3 suka zo. Ba wanda zai ce buɗe ƙofar makaranta ga 'ya'yan talakawa kuskure ne. Yawancin masu karanta wannan mujalla ta wannan ƙofa suka shigo. Sai dai ba a fafe gora ranar tafiya. An gaggauta horon malamai, an ɗauki waɗanda ba su da horon ma sam. Da yaran suka gama firamare a farkon shekarun 1980, ba gwamnatin da ke da kuɗin ciyar da su duka a kwana, sai aka shiga buɗe sakandaren jeka-ka-dawo, aka kuma soma tsarin 6-3-3-4 a 1982. Jihar Kano ta keɓe makarantun kimiyya na kwana a Dawakin Kudu da Dawakin Tofa tun 1977, inda aka riƙe tsohon tsari ga yara 'yan kaɗan da suka ci jarrabawar shiga, kuma sakamakonsu ya nuna tsarin yana aiki in an cika sharuɗɗansa. Sauran yara kuwa, a karo na farko, aikin gida ya zama na gida da gaske.

To, mene ne gida ga ɗalibin jeka-ka-dawo a ƙauye irin Dagumawa? Da asuba akwai karatun allo. In an tashi daga boko da rana akwai tafiya zuwa gida, da la'asar akwai Islamiyya, da damina akwai gona, da rani akwai lambu ga masu fadama, ran Juma'a akwai kasuwar Wudil. Yarinya kuma ga ɗiban ruwa da wanke-wanke da raino, wata har da talla. Abin da ya rage shi ne bayan sallar isha'i, a ɗakin da mutum biyar ko shida ke kwana, da fitilar ƙwai a da, da tocilan ko hasken waya a wannan zamani. Ba wanda zai tambaya ma'anar kalma, domin iyaye da yawa karatunsu na Alƙur'ani da ajami ne. Wannan gida ba gidan jahilci ba ne, yana da nasa karatun da nasa tsarin lokaci, sai dai ba a yi shawara da shi ba lokacin da aka tsara aikin.

Ta wajen malami kuma lissafin a fili yake. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce kada ajin sakandare ya wuce ɗalibi 40 ga malami guda. A ƙaddara, alal misali, malami yana da aji biyar, kowane aji ɗalibi 70, abin da ba baƙo ba ne a makarantun gwamnati. Insha'i ɗaya ya zama takarda 350. In ya ba kowace takarda minti biyar kacal, yana bukatar awa 29 da 'yan mintoci, ban da koyarwa da shirya darasi. Ba mai iya wannan kowane mako. Saboda haka sai insha'i ya koma sau ɗaya ko biyu a zango, jan alƙalami ya koma alamar “na gani” da maki a ƙasan shafi, sake rubutawa kuwa ta ɓace gaba ɗaya. Wanda ya ɗora laifin a kan malamin ko yaron, ya bar jaki yana dukan taiki.

Littafi shi ne na ƙarshen tafiya. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, takarda da tawada kuwa daga waje ake sayo su, sai farashin littafi ya fi ƙarfin manomi, kabad ɗin makaranta ya zama wurin ajiye tsintsiya. Aka wayi gari aji guda yana da kwafi biyu ko uku na littafin da aka ce kowa ya karanto a gida. Malami mai himma yakan karanta wa aji da babbar murya, wanda ya gaji kuma ya rubuta taƙaitaccen labarin da sunayen taurari a allo a kwafa.

Ita ma jarrabawa ta taimaka wajen raba karatu da rubutu. A jarrabawar kammala sakandare ana neman insha'i na kimanin kalma 450, maki 50: goma na abin da aka faɗa, goma na tsari, ashirin na sarrafa harshe, goma na tsabtar rubutu, inda ake zare rabin maki a kan kowane kuskuren nahawu ko harafi ko alamar rubutu. Kuskure ashirin ya cinye goman nan. Yaron da bai karanta littafi ko ɗaya ya ƙare ba, ba shi da rumbun jimlolin da zai ɗiba, don haka hanya mafi aminci a gare shi ita ce ya haddace. Mu kuwa mutane ne masu ƙarfin hadda. Sai aka sami wasiƙun da aka haddace buɗewarsu da rufewarsu, da labarin da ake lanƙwasawa ya dace da kowane karin magana aka tambaya. Masu duba takardun jarrabawa sun san irin wannan insha'i: sakin layi na farko kamar na ɗan Landan, na biyu kuwa ba a gane kansa balle gindinsa.

Karatun da ba a sa a lissafi ba

Ana yawan cewa yaranmu ba sa son karatu. Tarihi bai goyi bayan wannan magana ba. A 1977 kamfanin Macmillan ya fara jerin littattafan Pacesetters, ƙanana, masu sauƙin Ingilishi, masu labarin soyayya da 'yan sanda da ɓarayi, kuma cikin na farko-farko akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, saurayi ɗan Kano. Ba malamin da ya tilasta wa kowa karanta su, amma sun yi ta yawo hannu zuwa hannu har bangonsu ya yage. Sun yi wa zamaninsu aikin da littattafan West suka yi wa nasu, da ƙarin cewa mutanen cikinsu 'yan gida ne. Da tsadar littafi ta kashe kasuwarsu, sai Hausa ta cike gurbin. Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna a 1991, aka sami ɗaruruwan littattafan da wasu ke kira adabin kasuwar Kano, da shagunan haya inda yarinya ke biyan kuɗi kaɗan ta ɗauki littafi ta dawo da shi. Ɗalibar da aka rubuta wa “ba ta karatu” a ajin Ingilishi, sau da yawa ta ƙare littafi uku a wannan makon a ƙarƙashin mayafi. Makarantu ba su ɗauki wannan a matsayin jari ba, abin da suka fi yi shi ne ƙwacewa. Ko mene ne ra'ayin mutum game da ingancin wasu daga cikin littattafan, yaron da ya saba bin labari mai shafi ɗari har ƙarshe ya riga ya mallaki rabin abin da malamin Ingilishi ke nema.

Hukumomi sun yi yunƙurin mayar da ƙagaggen labari cikin ajin Ingilishi. Manhajar ƙaramar sakandare ta haɗa adabi da harshe a darasi guda. Hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, ta shiga sanya littafin labari ɗaya da kowane mai neman shiga jami'a zai karanta domin takardar Ingilishi, kamar Sweet Sixteen na Bolaji Abdullahi a 2019, da The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli a 2021, wanda labarinsa ya shafi rayuwar ɗalibai a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Niyyar mai kyau ce, amma da yake tambayoyin na zaɓi-ɗaya ne, kafin littafin ya isa hannun yara taƙaitawarsa da jerin tambayoyi da amsoshi sun riga sun isa wayoyinsu. Insha'i ma haka: a da daga littafin shiryayyun insha'i ake kwafa, sai aka koma intanet, daga ƙarshen 2022 kuma aka sami manhajojin ƙirƙirarriyar basira masu rubuta kalma 450 kafin a ƙifta ido. Wannan ya sa malamai da dama komawa sa yara su rubuta a cikin aji a gabansu, watau dai firef ya dawo ta bayan gida, sai dai da rana, kuma daga cikin mintocin darasi ake yankarsa.

A watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a watan Nuwamba na 2025 kuma Ministan Ilimi ya ba da sanarwar soke ta, aka koma Ingilishi tun daga tushe. Muhawarar ta yi zafi a ɓangarorin biyu, amma ba ta cika taɓo tambayoyin da malamin Dagumawa ke fuskanta ran Litinin da safe ba, watau yaushe yaro zai karanta, a ina, kwafi nawa ne a ajin, kuma wa zai duba abin da ya rubuta. Ba ta kuma taɓo tsohuwar damar da aka bari tun zamanin Hiskett ba, ta ba yaro labari guda cikin harsuna biyu. Kayan aikin suna nan, ko da yake ba su da yawa. Ban da Shaihu Umar da Jiki Magayi, Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero ya fassara Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu zuwa Ingilishi, ya fito a 2012. Wani kamfani ne a birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga shi.